Dashen ɓargo, ƙwayoyin hanji da gwangwanin maganin Inna

Waɗanda suka saba leƙowa nan sun san waya da kwamfuta da batir muka fi taɓawa. Yau ma maganar fasaha ce, sai dai ta bi ta asibiti, kuma ta bi ta cikin gidanmu a nan Hindawiyya. Ku yi haƙuri da tsawonta.

Ɗan yayata shekararsa tara, kuma da sikila aka haife shi. Duk wanda ya taɓa kwana da mai sikila ranar da ciwon ya tashi ba sai na yi masa bayani ba. Bara aka yi masa dashen ɓargo a wani asibiti a Jidda, yayarsa mai shekara goma sha biyu ce ta ba shi. Mahaifinsu ɗan ƙasa ne, kakansa ne ya zo daga Kano ta Sudan tun zamanin tafiyar ƙasa, don haka maganar kuɗin aiki ba ta zame musu dutse ba kamar yadda take zame wa da yawa daga cikin maƙwabtanmu masu igama. Ni aka ɗora wa rakiya, wai ni ne mai karanta Turanci da danne-danne. Mu hau jirgin Haramain a Rusaifa, kafin shayi ya huce mun isa.

A zaman farko likitar ta yi wata tambaya da ban zata ba. Ta ce a lissafa mata duk antibayotik ɗin da yaron ya sha cikin wata shida da suka wuce. Yaya ta ce ai tun da ya cika shekara biyar aka tsayar masa da fenisilin ɗin da ake ba yara masu sikila kullum, sai dai wanda aka ba shi a asibiti lokacin da ƙirjinsa ya kama. Likita na rubutawa, sai Inna, mahaifiyarmu, ta taɓa ni ta ce, "Kai, gaya mata har da ja-da-baƙin da nake ba shi in jikinsa ya yi ɗumi."

Ɗakin ya yi tsit. Yaya ta juyo, "Inna, wane ja-da-baƙi?"

Ashe duk shekara in alhazai sun zo, akwai wata ƙawarta da ke taho mata da ƙunshin kafso daga kemis a Kano. Tana da gwangwanin madara guda cike da su a ƙarƙashin gado. Yaro ya yi tari, ta ba shi biyu. Ciki ya murɗa, Flagyl. Likitar ba ta yi faɗa ba, ta ce, "Hajja, kin kyauta da kika faɗa." Ta rubuta, ta ce za a ɗauki samfurin bayan gidansa a duba irin ƙwayoyin da ke zaune a hanjinsa.

A jirgi muna komawa abin ya tsaya mini. Ɓargo za a canza, mene ne ruwan hanji? Wannan tambayar ce ta cinye mini data na wata da watanni, kuma abin da na samo shi nake so in ba ku.

Yadda dashen yake

Da yawa suna jin "dashe" sai su hango wuƙa da ɗinki. Babu ko ɗaya a jikin mai karɓa. Ɓargo shi ne masana'antar jini, a cikinsa uwayen ƙwayoyin jini suke, waɗanda ke haifar da ja da fari da masu tsayar da zubar jini. Ana ba majiyyaci kemo mai ƙarfi na kwanaki don a share nasa ɓargon, sannan a ɗaura masa na mai bayarwa ta jijiya kamar ƙarin jini. Ƙwayoyin da kansu suke nemo hanya su shiga cikin ƙashi su zauna. Mai bayarwar ce ma aka sa wa barci aka zuƙo ɓargon daga ƙashin ƙugunta, kuma washegari tana gida tana neman wayarta. Ita AS ce, hakan bai hana ba.

In kana gyaran waya ka riga ka gane: filashin ne. Ka goge tsohuwar manhaja, ka ɗora sabuwa. Matsalar tana tsakanin gogewa da tashin sabuwar, wajen mako biyu zuwa uku, lokacin da jiki ba shi da garkuwa kusan kwata-kwata.

Aikin ba sabo ba ne. Likitan Amurka E. Donnall Thomas ya wallafa gwajinsa na farko a 1957, ya karɓi kyautar Nobel a 1990. A nan Saudiyya asibitin ƙwararru na Sarki Faisal da ke Riyad ya fara a 1984. A Najeriya asibitin koyarwa na Jami'ar Benin ya yi wa mai sikila dashe na farko a 2011, asibitin koyarwa na Jami'ar Legas kuma ya fara nasa shirin a 2024 tare da gidauniyar sikila ta Najeriya. Wani babban nazari da aka fitar a 2017 kan masu sikila 1,000 da 'yan uwansu na ciki ɗaya suka ba su ɓargo ya nuna sama da kashi 90 cikin 100 suna raye bayan shekara biyar. Samun ɗan uwan da ya dace shi ne sa'ar, domin kowane ɗan uwa na uwa ɗaya uba ɗaya damar dacewarsa ɗaya cikin huɗu ce.

Wani ɗan tsokaci kafin mu wuce. Don Allah ku saka Hausa a allon rubutun wayarku, Gboard yana da ita. A zauren WhatsApp na danginmu wani kawu ya rubuta "dashen bargon kashi" ba ƙugiya, aka kwana ana dariya. Abin da bai sani ba shi ne, dashen wancan ɗayan ma akwai shi a likitance, za mu zo kansa. Ni dai zan riƙa cewa bayan gida don a zauna lafiya.

Daren zazzaɓi

Kwana shida bayan dashe, wajen ƙarfe biyu na dare, Yaya ta kira ni muryarta na rawa. Zafin jikinsa ya kai 38.4. Kafin in gama sa takalmi ta sake kira, ta ce har sun ɗebi jini sun ɗaura masa magani.

Haka ƙa'idar take a duk duniya. Wanda fararen ƙwayoyin jininsa suka faɗi ƙasa da 500, in zazzaɓi ya taso, ana so antibayotik ya shiga jijiyarsa cikin awa ɗaya, ba a jiran sakamakon gwaji. Ƙwayar cutar da ni da kai za mu kwana da ita mu tashi garau, shi tana iya gamawa da shi kafin asuba. Ina so wannan ya zauna sosai, don kada wani ya karanta sauran ya je yana gardama da likita a bakin gado. A wannan daren antibayotik shi ne ya tsaya tsakanin yaron da kabari.

To daga ina ƙwayar cutar take shigowa, a ɗakin da iskarsa ma tacewa ake yi, kowa da safar hannu da takunkumi? Sau da yawa daga cikin majiyyacin kansa. Kemo yana ƙona fatar cikin hanji kamar yadda yake ƙona ta baki, sai ƙwayoyin da ke zaune a hanjin su samu kafa su faɗa cikin jini. Nan na fara gane dalilin tambayar likita.

Sakamakon samfurin nan na farko ya nuna yaron yana ɗauke da wani nau'in E. coli da ya koyi karya yawancin magungunan dangin fenisilin. Ba ya sa shi ciwo, zaune kawai yake. Amma saboda shi, likitoci ba su fara da matsakaicin magani ba, kai tsaye suka ɗauko meropenem, ɗaya daga cikin manyan bindigogin da ake ajiyewa don ranar wuya. Kuma babbar bindiga ba ta tambayar wane ne ɓarawo wane ne mai gida.

Wa ke zaune a hanji, kuma ta yaya aka ƙirga su

Wani lissafi da masana a cibiyar Weizmann suka fitar a 2016 ya ce jikin baligi yana ɗauke da bakteriya kusan tiriliyan 38, ƙwayoyin jikinsa na kansa kuma kusan tiriliyan 30. Mafi yawansu a babban hanji suke, nauyinsu duka wajen giram 200. Wato kamar nauyin wayar da kake karanta wannan da ita.

Shekaru da yawa likitoci ba su san yawancinsu ba, domin hanyar da aka sani ita ce a shuka samfur a faranti a ga abin da zai tsiro. Su kuwa mafi yawan mazauna hanji iskar da muke shaƙa guba ce gare su, suna fitowa suke mutuwa. Abin da ya buɗe ƙofar shi ne karanta DNA. Kowace bakteriya tana da wani yanki na gado mai suna 16S, tsawonsa wajen harafi 1,500, wanda Carl Woese ya yi amfani da shi wajen rarrabe halittu tun 1977. Ka ɗauke shi kamar lambar IMEI: ko wayar a kashe take, lambar za ta gaya maka ƙirarta. Sai a markaɗe samfurin bayan gida, a kwafi wannan yankin sau miliyoyi, na'ura ta karanta, kwamfuta ta gwada da rumbun bayanai, ta fito maka da jadawali mai launi-launi: wane iri ne, kuma kashi nawa ya ci.

Manyan nazarce-nazarcen da zan kawo da injinan Illumina na kan tebur aka fi yin su. Amma wadda ta fi burge ni ita ce MinION ta kamfanin Oxford Nanopore, wadda ta fito a 2014. Ba ta kai waya girma ba, da USB ake jona ta da laftof. Zaren DNA yana ratsa wani ɗan mitsitsin rami, wutar da ke bi ta ramin tana canzawa gwargwadon harafin da ke wucewa, manhaja ta mayar da canjin zuwa rubutu. Da ita aka riƙa karanta ƙwayar Ebola a Gini a 2015, cikin kayan da suka shiga akwatin tafiya. Wannan a yankinmu aka yi, ba a wata duniya ba.

Abin da jadawalin ya nuna

A cibiyar kansa ta Memorial Sloan Kettering da ke New York wasu likitoci suka fara tara bayan gidan masu dashe, mako bayan mako. Mutum zai shigo da jadawali mai launuka da yawa. Bayan kwanaki da fara antibayotik sai launukan su ɓace, wani lokacin launi ɗaya tak ya cinye allon. A rahotonsu na 2012 kan mutum 94, sun ga in bakteriyar Enterococcus ta mamaye hanji, haɗarin ta shiga jini yana ninkawa sau tara. Cikin magungunan da suka ga suna share mata fage har da metronidazole, wato Flagyl ɗinmu na gida.

A 2014 suka fitar da wanda ya girgiza fannin. Majiyyata 80, aka raba su gida uku bisa yawan ire-iren bakteriyar da suka rage musu lokacin da sabon ɓargo ya kama. Bayan shekara uku, masu iri da yawa kashi 67 cikin 100 na raye, matsakaita kashi 60, waɗanda hanjinsu ya koma kango kuwa kashi 36.

Mutum 80 a asibiti ɗaya ba su isa a kafa hujja ba, don haka aka faɗaɗa. A 2020 mujallar New England Journal of Medicine ta buga nazarin samfur 8,767 daga majiyyata 1,362 a cibiyoyi huɗu: New York da Durham a Amurka, Regensburg a Jamus, Sapporo a Japan. Abinci daban, al'ada daban, tsarin asibiti daban, amma hoton iri ɗaya ne: ƙarancin iri yana tafiya da ƙarin mutuwa. Akwai layi ɗaya a ciki da na karanta ya fi sau uku. Tun kafin a fara dashen, da yawa sun riga sun shigo da hanjin da ya raunana in aka gwada da na masu lafiya. Na tuna gwangwanin Inna.

Babban abin tsoro bayan dashe shi ne rikicin baƙo da mai gida, wanda likitoci ke taƙaitawa da GVHD. Sabon ɓargo yana zuwa da sojojinsa, su kuma suna iya kallon jikin da suka sauka a ciki a matsayin abokin gaba, su far wa fata da hanta da hanji. In ya kama hanji da ƙarfi, gudawa ce ta lita-lita, kuma yana kisa. A 2016 tawagar New York ta duba bayanan mutum 857 ta ga ba duk antibayotik ne ɗaya ba. Waɗanda aka ba imipenem, kashi 21.5 cikin 100 sun mutu da wannan rikicin cikin shekara biyar, waɗanda ba a ba su ba kashi 13.1. Piperacillin da tazobactam ma haka, 19.8 da 11.9. Amma cefepime da aztreonam ba su nuna wannan ƙarin ba. Bambancin shi ne na farkon suna kashe bakteriyar nan masu gudun iska, na biyun suna ɗaga musu ƙafa.

Me waɗannan masu gudun iskar suke yi mana? Suna cin abin da cikinmu ba ya iya narkarwa, irin dusar gero da ɓawon wake da ganye, su fitar da wasu sinadarai, ciki har da butiret. Butiret shi ne abincin ƙwayoyin da suka yi wa babban hanji shafe, kuma yana taimakawa wajen renon wani rukunin sojojin jiki da aikinsu shi ne cewa "a yi haƙuri, a tsagaita". Ka kashe masu dafa wannan abincin, katanga ta yi rauni, masu sulhu su ragu, a daidai lokacin da baƙin sojoji suka shigo gari. A ɓeraye ma an ga imipenem yana ba wata bakteriya mai cin yauƙin hanji damar yaɗuwa, har ta side rufin da ke kare fatar.

Abin dariya, a da akasin haka aka yi imani da shi. A 1974 wani masani ɗan Holan, Dirk van Bekkum, ya nuna ɓerayen da aka rena ba ƙwayar bakteriya ko ɗaya a jikinsu ba sa shan wahalar wannan rikicin sosai. Sai asibitoci suka shiga ƙoƙarin wanke hanjin majiyyata tas da magani. Amma ɗan Adam ba ɓeran kwalba ba ne, ba ka iya share shi gaba ɗaya. Abin da kake samu shi ne ka kori mutanen kirki, 'yan daba su gaje unguwa.

Gaskiya guda da ya kamata a faɗa: yawancin alƙaluman nan daga manya ne masu kansar jini, kuma nazari ne na lura. Wanda ya fi jin jiki shi aka fi ba magani mai ƙarfi, don haka ba kowace mutuwa za a rataya wa maganin ba. Gwajin ɓeraye ne ya ƙarfafa cewa akwai hannun maganin a ciki. Abin da ya canza a aikace shi ne likitoci sun fara tambayar wane magani, kuma har yaushe. Wani gwaji da aka yi a Sifen aka buga a 2017 ya nuna ana iya tsayar da antibayotik bayan awa 72 ba zazzaɓi in majiyyaci ya warware, ba sai an jira jininsa ya farfaɗo ba. Haka aka yi wa namu. Gwajin jini bai tsirar da komai ba, zazzaɓi ya sauka, bayan kwanaki suka cire meropenem ɗin. Yaya har ta tsorata ta ce a bar masa mana, likita ta zaunar da ita ta yi mata bayani.

Bakof

Duk mai hankali kafin ya yi filashin yana yin bakof. To wannan tunanin ya zo wa likitocin New York. Kafin a fara kemo suka karɓi bayan gidan majiyyaci suka daskarar, bayan sabon ɓargo ya kama aka gama antibayotik, suka mayar masa da abinsa. A 2018 suka fitar da sakamakon mutum 25 na farko: 14 da aka mayar wa, hanjinsu ya koma kusa da yadda yake, 11 da ba a mayar wa ba suka daɗe a kango. Ga dashen da kawunmu ya rubuta bisa kuskure.

Ana kuma yi da na wani mutum mai lafiya da aka tantance. Hukumar magunguna ta Amurka ta amince da Rebyota a 2022 da kafson Vowst a 2023, amma don wata gudawa mai naci da bakteriyar C. difficile ke jawowa bayan shan antibayotik. Wa masu dashen ɓargo har yanzu a matakin gwaji ake.

Kuma ba wasa ba ne. A 2019 a Boston wani dattijo mai shekara 73 da ke cikin irin wannan gwajin ya rasu, saboda kafson da aka ba shi yana ɗauke da E. coli mai jure magani daga jikin mai bayarwa. A babban asibiti ke nan, da ɗakin gwaji da komai. Don haka bidiyon da za ka gani a YouTube wani Bature yana haɗa nasa a kicin da injin markaɗe, ka wuce kawai.

Haka kafson furobayotik da ake tallatawa a TikTok da Snapchat. A 2018 masanan Weizmann sun ba mutane antibayotik, sannan suka raba su: wasu aka bar su haka, wasu aka ba su furobayotik, wasu aka mayar musu da bakof ɗinsu. Masu bakof sun farfaɗo cikin kwanaki. Masu furobayotik su ne suka fi kowa daɗewa, har watanni, domin baƙin da aka zuba sun tare wurin 'yan gida. Ga mai dashe kuma abin ya wuce asarar kuɗi, bakteriya ce mai rai kake zubawa a hanjin da ya tsattsage. Game da akwatunan "gwada hanjinka a gida" da manhajarsu mai kyan zane, ku tuna uBiome, kamfanin da ya fi kowa suna a wannan harka. FBI ta kai samame ofishinsa a 2019, a shekarar ya durƙushe. Ra'ayina, fasahar karatun gaskiya ce, amma shawarar da manhajar za ta ba ka a ƙarshe ba ta wuce ka ci ganye da wake ba, kuma wannan kakarka ta gaya maka kyauta.

Mu ma mun yi namu ƙaramin yaƙin. Inna ta dama fura da kindirmon da wata maƙwabciya ke yi a gida, ta zuba a fulas ta ce in kai wa jikanta, wai asibiti na kashe shi da yunwa. Na ce, "Inna, ba za su bari ba." Ta ce, "Nono ne fa, ba giya ba." Ma'aikaciyar jinya ta karɓa da murmushi ta ajiye a waje. Ni na shanye a jirgi.

Mu dawo gida

Tun watan Afrilun 2018 ma'aikatar lafiya ta Saudiyya ta tsaurara doka: mai saidaliyyar da ya sayar da antibayotik ba takardar likita yana fuskantar tarar da ta kai riyal 100,000, da ƙwace lasisi, har da ɗauri. Yanzu ma takardar ta koma waya, likita ya rubuta ta tsarin Wasfaty, saƙo ya shigo maka, ka je ka karɓa. Dokar ta yi aiki a kan kanta. Amma ba ta san akwatin alhaji ba. Ka zaga lungunan Hindawiyya da Shari Mansur bayan aikin Hajji, gida nawa ne babu ƙullin ja-da-baƙi da ja-da-yalo da Septrin da aka kawo tsaraba tare da kuka da daddawa? A Kano da Katsina da Maraɗi kuwa ba sai an ɓoye ba, ka ce wa mai kemis "na ɗari biyu" ya ƙirgo maka guda huɗu.

Tarin da kowa ke yi a lokacin Hajji, mafi yawansa bairos ne, antibayotik ba ya taɓa shi. Ka sha, tarin ya tafi da kansa bayan mako, ka ce maganin ya yi. Wanda ya ji a jikinsa yana can ƙasa. A wani gwaji a Denmak da aka buga a 2018, an ba samari 12 masu lafiya haɗin antibayotik uku masu ƙarfi na kwana huɗu kacal. Cikin wata ɗaya da rabi yawancin bakteriyarsu sun dawo, amma bayan wata shida akwai iri tara da aka saba gani waɗanda ba a sake ganinsu ba a jikin mafi yawansu. Kwana huɗu ke nan, sau ɗaya. Yi lissafin yaron da ake ba kafso biyu duk sanda goshinsa ya yi ɗumi.

Waɗanda suka tsira daga kafso biyun kuma su ne masu taurin kai, su ne za su hayayyafa. Mujallar Lancet ta ƙiyasta cewa a 2019 bakteriya masu jure magani sun kashe mutum miliyan 1.27 kai tsaye, kuma yankin da abin ya fi muni gwargwadon yawan jama'a shi ne Afirka ta Yamma, mutum 27.3 cikin kowane 100,000. A watan Nuwamban 2024 ministocin ƙasashe suka taru a kan wannan matsalar, a Jidda ɗin nan da muke ta zarya.

Na tambayi likita a keɓe ko maganin Inna ne ya jawo wa yaron wannan E. coli ɗin. Ta ce yaron da ya kwanta asibiti sau da yawa yana iya ɗauka a ko'ina, ba wanda zai iya nuna yatsa, amma kafson bai taimaka ba. Ban kai wa Inna rabin farko kaɗai ba, ban kuma kai mata na biyu kaɗai ba. Na gaya mata duka. Ta yi shiru, ta ce, "Ni dai sauƙi nake nema masa."

Abin da muka sauya a gidan ba shi da yawa. Na buɗe fayil a wayar Yaya, duk maganin da wani yaro ya sha a rubuta sunansa da rana da dalili, a ɗauki hoton kwalin. Mai sikila in ya yi zazzaɓi asibiti ake nufa a ranar, domin saifarsa ba ta aiki yadda ya kamata, kuma kafso biyu na iya rufe alamar ba tare da sun kashe cutar ba. Fenisilin ɗin da likita ya ɗora yaro a kai kullum ba a tsayar da shi don an karanta rubutu a intanet, har da wannan. In an rubuta antibayotik muna tambaya: na mene ne, na kwana nawa, kuma akwai wanda ya fi shi tsukakken aiki?

Wajen kwana talatin bayan dashe ƙuraje suka feso wa yaron a tafin hannu da bayan kunne, ga gudawa. Rikicin baƙo da mai gida ne, mai sauƙi. Mun yi mako biyu ba wanda ke cin abinci da daɗi a gidan. Aka ba shi maganin kwantar da garkuwa, a hankali ya lafa. Gwajin jini ya nuna ɓargon yayarsa ne ke aiki, kuma tun daga lokacin ciwon sikila bai tashi ba. Har yanzu muna zuwa Jidda ana dubawa.

Gwangwanin kuwa Inna da kanta ta jawo shi daga ƙarƙashin gado ta miƙo mini, bayan ta tsame man zafinta da farasitamol. Na kai saidaliyyar bakin titi na tambaya yadda ake zubarwa. Mai shagon ya zazzage a kan kanta yana juyawa da biro, rabinsu sun wuce wa'adi, wasu ko suna babu.

Bayan ya wuce kwana ɗari likita ta ce yana iya shan laban na kamfani wanda aka dafa, a buɗe a shanye a take. Inna ta dafa furarta ta dahu sosai, ta dama da shi tana mita, wai wannan ruwan alli ne ba nono ba. Ya sha kofi biyu, ya miƙa mata kofin ya ce a ƙara.